In allura ba ta isa ba, ku faɗa mana

Ga hunturu ya shigo, ƙura ta fara rufe rana tun da hantsi, yara na ta tari a kilas. Duk wanda ya daɗe yana koyarwa a ƙasar nan ya san abin da ke bin bayan wannan iska. Daga Janairu har zuwa saukar ruwan fari, lokacin sanƙarau ne. Shi ya sa nake so in yi maganar nan yanzu, tun ba a fara ɗaukar yara a kafaɗa zuwa likita ba, domin in annoba ta riga ta shigo gari ba mai sauraron wani.

Maganar tawa da masu riƙe da sha'anin kiwon lafiya ce, tun daga ofishin minista har zuwa ƙaramin CSI na ƙauye. Ranar da allurar rigakafi ta kasa, ku faɗa mana ta kasa. Ku faɗi nawa ke hannu, su wa za a fara yi wa, don me su, kuma yaushe ake sa ran saura. Ku faɗa da harshen da uwar yaro ke ji, tun kafin ta baro gida.

A 2015 ina koyarwa a wata lakwal ta gwamnati a Yamai, ajin CM2. Waɗanda suke birnin a shekarar ba sa buƙatar in tuna musu. A watan Afrilu gwamnati ta rufe makarantun Yamai na wasu kwanaki, aka ce za a yi wa yara masu shekara 2 zuwa 15 lamba. Firaministan lokacin, Brigi Rafini, ya fito ya faɗi cewa abin da za a samu na allura bai wuce rabin abin da ake buƙata ba, ya roƙi abokan hulɗar ƙasar su kawo ɗauki. Wannan na yaba masa a lokacin, yau ma ina yaba masa, don ba kowane mai mulki ke iya cewa babu ba. Sai dai maganar ta tsaya can sama. Rabi ne, to wane rabi? Wannan tambaya ba wanda ya sauko da amsarta zuwa unguwanni. Abin da ya iso gare mu malamai shi ne mu sanar da uwaye su kai ƴaƴansu wuri kaza ranar kaza. Muka bi gida gida muka sanar.

Tun da asuba layi ya miƙe. Mata da goyo, tsofaffi riƙe da jikoki, maza sun bar rumfunan kasuwa a rufe. Zafin Afrilu na Yamai kun san shi. Kafin azahar aka ga ma'aikata na tattara kaya, aka ja ƙofa. Ba wanda ya fito ya tsaya gaban jama'a ya ce ga abin da ya faru. Wani ya ce gobe za a dawo, wani ya ce an kai saura wata unguwa, wani ya rantse ya ga an loda kwalaye a bayan mota. Da jama'a suka rasa wanda za su tambaya, sai suka juyo kanmu, tunda mu muka kira su. Wani uba, mai sayar da itace, ya riƙo hannun ƴaƴansa uku ya tsaya gabana. Ya ce, “Mushe, kai ka ce mu kawo su. Ga su mun kawo. Yanzu ina za mu kai su?” Na ce, “Malam, wallahi abin da ka sani shi na sani.” Ya dube ni ya daɗe, ya juya. Daga ranar, duk saƙon da na aika gidansa ta bakin ɗansa, sai ya tambayi wani kafin ya yarda.

Kuma ba laifinsa ba ne. An ari bakina an yi alkawari da shi, an bar ni da kunyar.

Abin da ya fi ba ni haushi, da na fahimci al'amarin daga baya, shi ne ƙarancin nan yana da dalili, dalilin kuwa ba abin ɓoyewa ba ne. Ƙwayar sanƙarau iri iri ce, ana kiran su da haruffa: A, C, W, X, Y. Shekara da shekaru irin A ne ke yi mana ɓarna, har aka samo allurar MenAfriVac, wadda wani kamfanin ƙasar Indiya ke yi a farashi mai sauƙi, aka fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 ga masu shekara 1 zuwa 29. Allurar ta yi aiki, irin A ya kusan ɓacewa. Amma ba ta kare mutum daga irin C. Irin C kuwa ya fara ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya tun 2013, ya ƙetaro mana da ƙarfi a 2015. Allurar da ke kare shi kaɗan ce a duniya baki ɗaya a lokacin, don kamfanonin da ke yin ta ba su da yawa kuma ba sa yin ta da yawa. Ƙarshen watan Yuni na shekarar, hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙirga mutum wajen 8,500 da suka kamu a Nijar, 573 suka rasu. Bayan annobar ma, ƙungiyoyin da ke kula da rumbun allurar gaggawa na duniya sun fito fili suka roƙi kamfanoni su samar da allura miliyan 5 kafin shekara ta zagayo. Su da ke Turai ba su ji kunyar cewa babu ba. Don me mu za a ɓoye mana a ƙofar CSI?

Rumbun nan da na ambata, an kafa shi ne a 1997, bayan babbar annobar 1996 da ta kama mutum wajen dubu 250 a Afirka ta kashe wajen dubu 25. OMS da UNICEF da MSF da ƙungiyar Croix-Rouge ta duniya ke riƙe da shi. Ba a ɗiban allura a cikinsa don ƙasa ta ji tsoro. Sai ta rubuta ta nema, ta nuna sakamakon awon ruwan ƙashin baya da ya tabbatar da irin ƙwayar, aikin da a nan cibiyar CERMES ta Yamai ke yi, ta kuma nuna gundumar da cutar ta kai matsayin annoba. Ma'aunin shi ne mutum 10 cikin dubu 100 su kamu a mako guda. Gundumar da ta kai nan ita ake fara yi wa, maƙwabciyarta da ba ta kai ba sai ta jira. Yara ake sa wa gaba saboda su cutar ta fi kamawa.

Ku duba fa, duk wannan bayanin bai fi a yi shi cikin minti biyar a rediyo ba. Babu kalma ɗaya a ciki da mai sayar da itace ba zai gane ba. Manomi ya san yadda ake rabon iri in bai isa ba, uwar gida ta san yadda ake raba tuwo in baƙi sun sauka ba shiri. Amma in ba a yi bayanin ba, uba ya ga an yi wa unguwar can an tsallake tasu, me kuke so ya ce? Zai ce an fifita masu kuɗi, ko ƴan jam'iyyar da ke mulki, ko ƙabilar wane. A fada za a maimaita, a rijiya za a ƙara gishiri. Ma'aunin da aka yi don adalci sai ya koma shaidar zalunci a idon mutane, don kawai an ƙi buɗe baki.

Na san amsar da ake bayarwa, na sha jin ta daga bakin manyan da nake girmamawa. Cewa suke kada a tayar da hankalin jama'a. In aka ce allura ba ta isa ba, mutane za su yi turereniya, a tattake yara, a fasa ƙofar likita. To ai an yi shirun, kuma an yi turereniyar. Ni na tsaya cikinta. Mutum ba ya ture ɗan'uwansa don an faɗa masa gaskiya. Yana ture shi ne in yana zaton yau ce kaɗai damarsa, in ya rasa yau ya rasa har abada. Da an ce masa unguwarku ranar kaza ce, allura kaza aka ware muku, in ta ƙare ga ranar da za a dawo, ga sunan ɗanka an rubuta, da yawancin mutane sun koma gida sun jira. Mu mutane ne da suka saba jiran damina wata takwas. Abin da ba mu iya jurewa shi ne a rufe mana ƙofa kamar mun zo bara.

Akwai kuma wata amsar da ba a faɗin ta a fili, ita ce ta mutuncin gwamnati. Wai in aka amsa babu, ƴan adawa za su samu abin faɗa. Su samu mana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gwamnatocin da suka wuce da wadda ke nan da wadda za ta zo, duk maganata ɗaya ce gare su, don ƙwayar sanƙarau ba ta da katin jam'iyya.

Yanzu bari in faɗi abin da na daɗe ina nauyin faɗa. A makon nan na 2015, ni ma na sayi allura a bayan fage. Wani maƙwabci ya kawo mini labarin wani mutum mai zuwa gida da akwatin ƙanƙara a bayan babur, ana ce masa ma'aikacin lafiya ne. Na biya kuɗin da ya kai cefanen gidana na mako, aka yi wa ƴaƴana biyu a zaure. Na ga kwalba, na ga rubutu da Turanci, hankalina ya kwanta. A watan Mayu sai OMS ta fitar da gargaɗi cewa an gano allurar sanƙarau ta jabu tana yawo a Nijar, an kwaikwayi tambarin Mencevax da na Menomune. Na zauna na yi shiru. Ni da ke koya wa yara lissafi da kimiyya, na ba wanda ban san sunansa ba damar soka wa ƴaƴana abin da ban san mene ne ba. Allah ya tsare su, amma ba da wayona ba.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mai allurar jabu ba ya cin kasuwa ranar da ake da bayani. Yana ci ne ranar da aka rufe ƙofa aka yi shiru. Kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu. A annobar 1995, mutum fiye da dubu 50 aka yi wa allurar jabu a ƙasar nan, wadda ta shigo a matsayin gudummawa. An sake kama ta jabu a 2017, an sake a 2019. Sau huɗu ke nan da na sani. Duk da haka ban taɓa ganin an aiko wa makarantu takarda guda da ke cewa: malam, ka faɗa wa uwaye allurar kamfen kyauta ce, a wuri kaza kaɗai ake yin ta, duk wanda ya biyo ka gida da ita yana neman kuɗi ka kai ƙararsa.

Illar jabu ba ta tsaya ga kuɗin da aka cinye ba. Tana sa uwa ta saki jiki. Akwai wata yarinya a ajina, mai ƙoƙari, kullum tana benci na gaba. Zazzaɓi ya kama ta da ciwon kai. Uwarta ta ce ai an yi mata lamba, ga karne ma a ajiye, wannan zazzaɓin cizon sauro ne, ta ba ta ƙwayoyi ta jira kwana biyu. Karnen na MenAfriVac ne na shekarun baya, na irin A. Ba wanda ya taɓa gaya wa matar nan cewa wanda ke gari irin C ne, kuma tsohuwar lambar ba ta tare shi. Da wuya ya sanƙare aka ruga da ita likita. Ta rayu, amma ta dawo ba ta ji. Ta gama shekarar tana kallon bakina, shekara ta gaba ba ta dawo ba. Likitoci sun ce cikin waɗanda suka tsira daga cutar, kusan ɗaya cikin biyar na fita da wata illa irin wannan.

A nan ne nake ganin babban kuskuren masu sanarwa. Duk hankalinsu na kan allura, sai su manta cewa ranar da allura ta kasa akwai maganar da ta fi ta gaggawa. Sanƙarau na da magani, ceftriaxone, allurar kwana biyar a lokacin annoba. Abin da ke kashewa shi ne jinkiri, don cutar na iya ɗauke yaro cikin kwana ɗaya. Zazzaɓi mai zafi da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, amai, sanƙarar wuya, ƙin haske, yaro ya rikice ko ya yi ta barci, jariri kuma maɗigarsa ta kumbura: a ɗauke shi a tafi, ko cikin dare ne, ko an yi masa lamba. Ita ma allurar gaskiya sai ta yi wajen kwana goma a jiki kafin ta fara karewa. Wannan saƙon ba ya buƙatar jirgi daga Turai, ba ya buƙatar firji. Da an maimaita shi safe da yamma a kowace rediyo da kowane masallaci da kowane kilas, da yarinyar nan na iya kaiwa kwalej.

Wani abu da nake so a daina shi ne ɗora wa talaka laifi. In kamfen bai yi nasara ba, kalmar da ke fitowa da sauri ita ce jahilci, mutanenmu ba sa son allura. Akwai masu ƙi, ban musa ba, mun ga abin da ya faru da allurar shan inna a Kano a 2003. Amma waɗanda na gani a 2015 kokawa suke yi su samu. Uban da aka kora daga layi sau biyu ba tare da kalma guda ba, in an zo masa da allurar ƙyanda baɗi ya ce yana gona, wa ya koya masa? Mun kuma ga wani salon ɗora laifin a maƙwabta. A 2017, sanƙarau irin C ya kashe mutum fiye da dubu a arewacin Najeriya, allura ta yi ƙaranci, gwamnan Zamfara na lokacin, Abdul'aziz Yari, ya ce azaba ce daga Allah saboda zunuban mutane. Sarkin Kano na lokacin, Muhammadu Sanusi na II, ya mayar masa da martani a bainar jama'a cewa ya je ya nemo allura. Mu Musulmi ne, mun yarda da ƙaddara. Amma mai mulkin da aka tambaye shi lissafin allura ya amsa da wa'azi, ya guje wa tambayar ne.

Ƴan jarida ma ina da magana da su, ko da yake na san halin da suke aiki a ciki. Karanta sanarwar hukuma da Faransanci a labaran dare, a fassara ta a gurguje, ba shi ne aiki ba. In an kira ku taron manema labarai aka ce an ɗauki dukkan matakan da suka dace, ku tambaya: allura nawa ta sauka, gunduma nawa, ranar yaushe ta biyu za ta zo? In an ƙi amsawa, ku gaya wa masu sauraro cewa kun tambaya an ƙi. Su kuma hukumomi su gane cewa rediyon ƙauye da ke magana da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci ko Fulatanci ko Buzanci ya fi musu amfani a ranar annoba fiye da kyamarar Télé Sahel a filin jirgi ana ɗaukar hoton kwalaye. Hoton kwalayen nan ma cutarwa yake yi. Mai kallo ya ga an sauke kaya tuli, gobe ya je a ce masa babu, sai ya ce an sace.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu uwaye da malamai ba mu fita ba. A 2015 jita-jita da ƙafa take tafiya, yau tana cikin salula. Muryar wani da ba a san shi ba, ya ce shi likita ne, ya ce allurar bana ta lalace ko ya ce yana da ita a gida, kafin la'asar ta zagaye rukunin WhatsApp na uwayen yara daga Tasawa har Konni. Na ga malamai, abokan aikina, suna tura irin wannan da hannunsu suna cewa a dai yi hattara. Akwai kuma ɗabi'armu ta neman hanya: kowa na da ƙane ko suruki a likita, kowa na so a ware wa nasa kwalba. Duk kwalbar da aka ware wa ɗan babban mutum mai shekara talatin, daga hannun wani yaro mai shekara biyar aka fizge ta. Ni da na sayi ta bayan fage ba ni da bakin yi wa kowa gori, amma ina da bakin cewa kada ku yi abin da na yi.

Za a ce mini zamani ya canza, yanzu akwai sabuwar allura. Gaskiya ne. Akwai Men5CV, mai kare iri biyar a allura guda, A da C da W da Y da kuma X, wanda ya yi mana ɓarna a 2006 ba shi da rigakafi a lokacin. OMS ta amince da ita a 2023, Najeriya ta fara amfani da ita a 2024, Nijar ta bi baya a shekarar. Alhamdu lillahi. Amma samuwar allura a duniya daban, isarta CSI na ƙauyenku ranar da ake buƙata daban. Daga waje take zuwa, da kuɗin da yawancinsa ba namu ba ne, ta hanyoyin da kowa ya san halin da suke ciki. Jihar Damagaram ta ga sanƙarau a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, ta kuma ga mashaƙo a 2023. Yau sanƙarau ne, gobe ƙyanda ce ko kwalara. Wata rana wata allurar za ta sake kasawa, kuma ranar za a sake neman malamai su bi gida gida.

To ni dai na yanke shawara. In an sake aiko mini in tara uwaye, zan tambayi wanda ya aiko ni adadin allurar da aka ware wa makarantarmu, da shekarun yaran da za a yi wa, da sunan wanda zai tsaya ya yi wa jama'a bayani in ta ƙare. In an ba ni, zan rubuta a allo in kafa a ƙofar lakwal, in karanta wa wanda bai iya karatu ba. In ba a ba ni ba, zan sanar da uwaye duk da haka, don ba zan hana yaro damarsa ba, amma zan gaya musu a fili cewa na tambaya ba a faɗa mini ba, su je da shirin za a iya dawowa hannu rabbana.

Taron COGES na makarantarmu ranar Asabar ne. Na riga na roƙi darakta ya sa maganar a jerin abin da za a tattauna, kuma ya gayyato shugaban CSI na unguwa ya zo ya gaya mana da bakinsa wace allura ce yaranmu suka samu, wace ce ba su samu ba, da lambar da za mu kira in yaro ya faɗi da zazzaɓi cikin dare. Uwaye kuma na ce kowa ya zo da karnen ɗansa.